Hoton baƙin ramin M87: aikin ɗaliban digirin digirgir da taron da ya tantance shi

A ranar 10 ga Afrilu, 2019, aka tara 'yan jarida a birane shida a lokaci guda, wato Washington da Brussels da Santiago da Shanghai da Taipei da Tokyo, aka nuna musu hoto ɗaya: wani zobe mai launin garwashi, gefensa na ƙasa ya fi haske, tsakiyarsa kuma duhu. Shi ne hoto na farko da aka taɓa samu na inuwar baƙin rami, wannan abu na sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ne ya faɗa cikinsa ba ya fitowa. Ramin yana tsakiyar wani katafaren gungun taurari da ake kira M87, nisansa daga nan tafiyar haske ce ta shekara miliyan 55, nauyinsa kuma ya ninka na rana sau biliyan 6.5. Yawancin waɗanda suka ba da labarin sun tsaya ne a kan girman abin da aka gani. Wannan nazari kuwa zai bi diddigin wata tambaya dabam: yaya aka yi masu binciken suka yarda cewa zoben yana can da gaske, ba son ransu ne ya zana shi ba? Amsar tana komawa ga aikin wasu ɗalibai masu neman digirin digirgir, da kuma wani taron bita da aka yi a birnin Cambridge na jihar Massachusetts a watan Yulin 2018, kusan wata tara kafin duniya ta ji labari.

Abin da na'urorin suka tattaro

Babu kyamarar da ta ɗauki wannan hoto. Idan mutum ya dubi wata a daren sha huɗu, ya raba faɗinsa gida miliyan 43, ya ɗauki gida ɗaya, to wannan ne faɗin zoben M87 kamar yadda yake bayyana daga doron ƙasa. Kafin na'urar hangen nesa ta iya rarrabe abu ƙanƙani haka da igiyoyin rediyo masu tsawon milimita 1.3, waɗanda su ne ke iya ratsa hayaƙin iskar gas da ke kewaye da ramin, sai farantinta ya kai faɗin duniya. Tun da ba mai iya ƙera irin wannan faranti, sai haɗakar masu bincike da ake kira Event Horizon Telescope, EHT a taƙaice, ƙarƙashin jagorancin Sheperd Doeleman, ta haɗa na'urori takwas da ke wurare shida: ALMA da APEX a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, JCMT da SMA a kan dutsen Maunakea na Hawai, LMT a Meziko, SMT a jihar Arizona, farantin IRAM mai faɗin mita 30 a kudancin Sifaniya, da SPT a can ƙuryar kudancin duniya. A ranakun 5 da 6 da 10 da 11 ga Afrilu, 2017, suka fuskanci M87 a tare, kowace tana naɗar abin da ta ji tare da lokacin da agogonta mai aiki da ƙwayar zarra ya nuna. Ta ƙuryar kudu ba ta iya hango M87 daga inda take, aikinta ya tsaya ga wani gungun taurari mai nisa da tsananin haske da ake daidaita awo da shi, don haka na'urori bakwai ne a wurare biyar suka ga ramin.

Bayanan da aka naɗa sun kai kimanin petabait 5, wato gigabait miliyan 5, abin da ya fi ƙarfin aikawa ta intanet, sai a jirgin sama aka kwashi faya-fayan ajiyar, nauyin kusan rabin tan, zuwa cibiyar Haystack ta jami'ar MIT da cibiyar Max Planck da ke Bonn a Jamus, inda manyan kwamfutoci ke gwama naɗin kowace na'ura da na 'yar'uwarta. Na ƙuryar kudu sai da suka jira hunturun can ya wuce, jirage suka soma sauka, ba su iso ba sai Disambar 2017.

A nan ainihin matsalar take. Idan aka gwama naɗin na'urori biyu, ba guntun hoto ake samu ba, awo ɗaya ake samu, wanda ke faɗin yadda haske da duhu ke musanya wuri a wani takamaiman faɗi kuma ta wata takamaimiyar fuska. Gwargwadon nisan da ke tsakanin na'urorin biyu, gwargwadon ƙanƙantar abin da awon ke iya bayyanawa. Wurare biyar ba su bayar da dogayen layuka fiye da goma, domin ALMA da APEX maƙwabtan juna ne, haka ma JCMT da SMA. Juyawar duniya tana ɗan taimakawa, tana sauya tsawo da fuskar kowane layi cikin dare, amma duk da haka giɓin da ya rage ya fi abin da aka auna yawa nesa ba kusa ba. Sakamakon haka, hotuna marasa iyaka suna iya dacewa da awon da ke hannu. Ga kuma tururin ruwa da ke cikin iska, wanda ke jinkirta isowar igiyar a kan kowane dutse ta hanyar da ke sauyawa cikin daƙiƙoƙi, ga LMT da ta yi fama da matsalar saiti har ƙarfin siginarta bai zama abin dogaro sosai ba. Tilas ne wani ya cike giɓin da zato, kuma duk zaton da aka cike shi da shi yana iya fitowa a hoton kamar gaskiya.

Abin da ya ƙara haɗarin shi ne kowa ya san abin da ake fatan gani. Tun 1979 Jean-Pierre Luminet ya zana yadda baƙin rami zai kasance a ido, a shekarar 2000 kuma Heino Falcke da Fulvio Melia da Eric Agol suka nuna cewa ana iya hango inuwar da irin waɗannan na'urori. Hatta faɗin zoben an san iyakokinsa, domin akwai ƙiyasi biyu na nauyin ramin M87, na 2011 da ya ce kimanin rana biliyan 6.6 da na 2013 da ya ce biliyan 3.5. Mutanen da suka shafe shekara goma suna jiran zobe, aka kuma ba su 'yancin cike giɓi, ba abin mamaki ba ne su ga zobe ko babu shi. A lokacin kuma ba a daɗe ba da ganin irin wannan a garin Cambridge ɗin: a Maris na 2014 aka yi shela a cibiyar ilmin taurari ta Harvard da Smithsonian cewa na'urar BICEP2 ta gano sawun farkon halittar sararin samaniya, kafin shekara ta zagayo ta bayyana cewa ƙurar da ke cikin namu gungun taurarin ce ta haifar da siginar.

Ɗaliba daga wani fanni

Katie Bouman ba ta karanta ilmin taurari ba. Injiniyancin lantarki ta yi a jami'ar Michigan, ta gama a 2011, ta wuce MIT inda ta shiga rukunin Farfesa William Freeman, masanin koya wa kwamfuta fahimtar hoto. Kundinta na digiri na biyu a 2013 ya shafi yadda za a gane nauyi da taurin yadi ta hanyar kallon bidiyon kaɗawarsa a iska. Wajen wannan shekara ce ta soma aiki da mutanen Doeleman, kuma abin da ta kawo musu shi ne wata al'ada ta fanninta da masu nazarin rediyon samaniya ba su saba da ita ba.

Su dai masu rediyon sun dogara ne da wata dabarar lissafi mai suna CLEAN, wadda Jan Högbom ya wallafa a 1974. CLEAN tana ɗauka cewa sama cike take da ɗigo-ɗigon haske: ta nemo wuri mafi haske, ta cire shi tare da inuwoyin ƙarya da ƙarancin na'urori ke jefawa kewaye da shi, ta sake nemo na gaba, haka har sai abin da ya rage ya zama hayaniya. Ta yi aiki shekara arba'in, amma tana buƙatar hannun gwani da zai nuna mata inda za ta duba, kuma wannan hannu shi ne ƙofar da son rai ke shigowa ta ciki.

Bouman ta tambayi abin ta wata fuska: a cikin hotuna marasa iyaka da suka dace da awon, wanne ne ya fi kama da hoto? Dabararta, wadda ta sa wa suna CHIRP, tana yanka dubban hotuna zuwa ƙananan gutsattsari, ta koyi irin gutsuren da aka saba gani da wanda ba a saba gani ba, sannan ta gina hoton da ya dace da awon kuma gutsattsarinsa ba baƙi ba ne. Tushen wannan tunani aikin Daniel Zoran da Yair Weiss ne na 2011, kuma Zoran yana cikin waɗanda suka sa hannu a maƙalar. Don kauce wa ɓarnar tururin iska, ta yi amfani da wata tsohuwar hikima da Roger Jennison ya gano a 1958 a Jodrell Bank ta Ingila: idan aka haɗa awon na'urori uku a zagaye, kuskuren da iska ta jefa a kan kowace na'ura yana soke kansa, abin da ya rage na abin da ake kallo ne kawai. Amma ɓangaren aikin da ya fi nauyi a ganina shi ne gwajin da ta ɗora a kai. Ta horar da dabarar da hotuna iri uku, wato zanen baƙin rami da kwamfuta ta ƙaga, da hotunan taurari, da hotunan yau da kullum na mutane da gidaje da dabbobi. Idan dabarar da ba ta taɓa ganin baƙin rami ba ta fitar da abin da wadda ta ƙoshi da ganinsa ta fitar, to awon ne ke magana, ba horon ba.

Inda ta kai maƙalar ma abin lura ne. Ba mujallar ilmin taurari ta aika wa ba, ta gabatar da ita ne a CVPR, babban taron shekara-shekara na masu fannin gani da kwamfuta, wanda aka yi a Las Vegas a ƙarshen Yunin 2016. A fannin kwamfuta, maƙalar taro tana da darajar maƙalar mujalla: ana tace ta a ɓoye, kuma a waccan shekara ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka aika ne ya samu shiga. Hankalin mahalarta a lokacin yana kan manhajojin da ke kwaikwayon ƙwaƙwalwa, har maƙalar ResNet ta masu binciken Microsoft ce ta ci kyautar taron, don haka ba za a ce batun baƙin rami ne ya cika zauren ba. Sai dai ta bi al'adar wannan zaure a wani muhimmin abu: tare da maƙalar ta buɗe wani shafi mai ɗauke da bayanan gwaji, inda kowa zai iya sauke awon ƙage, ya gwada tasa dabarar, a auna ta da ma'auni ɗaya da na kowa. A fannin gani da kwamfuta wannan ba sabon abu ba ne, ba a yarda da dabara sai ta yi takara a fili. Daga nan al'adar ta shiga cikin EHT a matsayin gasar gwaji ta makanta, inda wasu ke ƙaga awo daga hoton da suka ɓoye, har da hayaniya da ɓarnar iska, sauran su gina hoto ba tare da sanin amsar ba, alƙalai kuma su duba wanda ya dace da wanda ya ƙaga abin da babu.

Ba ita kaɗai ba ce matashiya a wannan aiki. Andrew Chael, ɗalibin digirin digirgir a Harvard ƙarƙashin Ramesh Narayan, shi ya rubuta ƙashin bayan manhajar eht-imaging da harshen Python, ya ajiye ta a GitHub, shafin intanet na ajiye manhajoji, inda kowa ke iya karantawa, kuma a 2018 ya jagoranci maƙalar da ta nuna ana iya gina hoto da awon zagaye irin na Jennison kaɗai, ba tare da dogaro da daidaiton kowace na'ura ba, abin da ya zama magani ga matsalar LMT. Kazunori Akiyama, wanda ya gama nasa digirin a jami'ar Tokyo a 2015 ya koma Haystack, shi ya jagoranci manhajar SMILI da ta samo asali daga aikin masu binciken Japan. Sara Issaoun, ɗaliba a jami'ar Radboud ta Holan ƙarƙashin Falcke, ta yi aiki a daidaita awo da kuma gina hoto. Ita Bouman ta kammala a 2017 da kundin da ya haɗa batun baƙin rami da na hango abin da ke bayan kusurwar bango ta hanyar inuwar da ke faɗowa ƙasa, sannan ta ci gaba da aikin a Harvard a matsayin mai bincike bayan digiri.

Mako bakwai ba magana

A Yunin 2018 aka saki awon M87 ga masu gina hoto. Kafin a sake shi an riga an raba su ƙungiyoyi huɗu da suka bazu a Amurka da Turai da gabashin Asiya, aka kuma gindaya sharaɗi: ba ƙungiyar da za ta nuna wa wata hotonta, ko ta faɗa mata abin da take gani, ko ta tambaye ta saitin da ta zaɓa. Ƙungiya ta ɗaya da ta biyu sun fi dogara da sababbin dabarun, ta uku da ta huɗu kuma da CLEAN. Dabara ce da kowane alƙali ya sani: in ana son gane ko shaidu gaskiya suke faɗa, ba a barinsu su kwana ɗaki ɗaya kafin zaman kotu.

Cikin sa'o'in farko wasu sun ga zobe a allon kwamfutarsu. Hoton Bouman da ya zaga duniya daga baya, tana zaune gaban kwamfutar tafi-da-gidanka ta rufe baki da hannuwa biyu, zoben yana bayyana a allon, a wani ƙaramin ɗaki na cibiyar nazarin baƙin rami ta Harvard aka ɗauke shi a wannan wata. Amma ganin farko bai zama hujja ba. Hausawa kan ce gani ya kori ji, a wannan fanni kuwa ganin ma sai an nemo masa shaida. Mako bakwai kowace ƙungiya ta yi tana ƙoƙarin rusa abin da ta gani, tana sauya saiti, tana cire wata na'ura ta ga ko zoben zai watse, alhali wasu daga cikin mutanen abokan juna ne da suka saba magana kullum.

A ƙarshen Yuli suka hallara a Cambridge don taron bita. Tsarin buɗe hotunan ma an yi masa tanadi. Kowace ƙungiya ta miƙa hotonta na awon ranar 11 ga Afrilu, aka fara auna kamanninsu da lissafi ba tare da an nuna wa kowa hoton wani ba, sai da alƙaluman suka nuna sun yi kusa da juna, sannan a ranar 24 ga Yuli aka jera huɗun a allo ɗaya. Dukkansu zobe ne mai faɗi kusan ɗaya, dukkansu sun fi haske ta kudu. Ba su zama tagwaye ba: kaurin zoben ya bambanta, yadda hasken ya bazu a kewayensa ya bambanta, wasu sun fi wasu santsi. Wannan bambanci ma ya yi amfani, domin ya nuna wa masu binciken abin da za su iya tsayawa a kai, wato faɗin zoben da duhun tsakiya da rinjayen kudu, da abin da bai kamata su yi iƙirari a kansa ba, wato ƙananan ƙulle-ƙullen haske da ke fitowa a wani hoto su ɓace a wani.

Taron ilmi yawanci wurin ba da rahoton aikin da aka gama ne, mutum ya tashi ya yi minti goma sha biyar, a tafa, a fita shan shayi. Wannan kuwa shi kansa ɓangare ne na gwajin, domin ranar da aka sa da ƙa'idar ɓoyewa da tsarin buɗewa su ne suka mayar da hotuna huɗu suka zama hujja. Da an bar mutanen nan suna aika wa juna hotuna ta imel tun ranar farko, da hoton ƙarshe zai iya fitowa daidai yadda ya fito, amma ba mai iya rantsuwa cewa ba na farkon ne sauran suka bi ba.

Sai dai raba shaidu yana da iyaka, kuma su kansu sun gane haka. Ƙungiyoyin huɗu awo ɗaya suka karɓa, littattafai ɗaya suka karanta, zobe ɗaya suke mafarki. Ana iya samun mutum huɗu da ba su yi magana da juna ba su yi kuskure iri ɗaya. Don haka bayan taron aka shiga mataki na biyu, wanda manufarsa cire hannun mutum daga zaɓen saiti. Aka rubuta hanyoyi uku da ke tafiya da kansu, ɗaya da manhajar DIFMAP mai amfani da CLEAN, ɗaya da eht-imaging, ɗaya da SMILI. Aka ƙaga awo daga siffofi huɗu da aka zaɓa da gangan don su yi kama da awon M87 ta wasu fuskoki: zobe, da jinjirin wata, da faifai cikakke marar rami a tsakiya, da ɗigo biyu. Aka gwada dubban haɗe-haɗen saiti, aka riƙe waɗanda kawai suka iya dawo da kowace siffa yadda take, wato suka mayar da faifai faifai ba su huda shi ba, suka bar ɗigo biyu a matsayin ɗigo biyu. Da aka ɗora waɗannan saituna a kan awon gaskiya, zobe ya fito a dukkan darare huɗun. Hatta saitin da aka zaɓa don ya fi iya dawo da faifai marar rami, da aka ba shi awon M87, sai da ya buɗe rami a tsakiya. Hoton da aka nuna wa duniya matsakaicin hotunan hanyoyin uku ne bayan an daidaita kaifinsu, launin garwashin kuma zaɓi ne na masu binciken don nuna ƙarfin haske, tun da igiyar rediyo ba ta da launin da ido ke gani.

Wa ya ɗauki hoton?

Maƙaloli shida ne suka fito ranar shelar a mujallar wasiƙun ilmin taurari ta Amurka, masu sa hannu fiye da 200, an jera sunayensu bisa haruffa, abin da ya sa Akiyama ya zo farko, Bouman da Chael kuma suka nutse a cikin jerin. Duniya ba ta iya riƙe suna 200, fuska ɗaya take nema. Bouman ta sa hotonta na Yunin 2018 a Facebook, ɗakin binciken kwamfuta na MIT ya wallafa a Twitter cewa tsohuwar ɗalibarsa ce ta jagoranci ƙirƙiro dabarar da ta samar da hoton, wasu suka jera hotonta tsaye gaban tarin faya-fayan ajiya kusa da na Margaret Hamilton, wadda ta jagoranci rubuta manhajar shirin Apollo na zuwa duniyar wata. Kafin gari ya waye an mayar da ita wadda ta ɗauki hoton ita kaɗai. Wannan ba daidai ba ne, domin ba a yi amfani da CHIRP wajen gina hoton ƙarshe ba, kuma ita da kanta ta rubuta cewa ba dabara ɗaya ko mutum ɗaya ne ya samar da shi ba.

Gyaran da wasu suka kawo ya fi kuskuren muni. Suka shiga GitHub, suka ƙirga layuka, suka yaɗa cewa Chael ne ya rubuta 850,000 daga cikin layuka 900,000 na manhajar, an danne shi ne don ana son ɗaukaka mace. Aka buɗe shafukan bogi da sunanta, aka cika YouTube da bidiyon zagi. Chael ya fito fili ya ƙaryata su: ya ce manhajar a lokacin layukanta kimanin 68,000 ne, yawancin abin da suka ƙirga fayilolin bayanai ne ba rubutun manhaja ba, manhajarsa ɗaya ce cikin uku, kuma ba za ta yi aiki ba in ba da gudunmawar Bouman da wasu ba.

Ɓangarorin biyu sun yi kuskure iri ɗaya, a ganina, domin dukkansu sun ɗauka gudunmawar ɗalibi ita ce abin da ake iya nunawa da yatsa, dabara mai suna ko adadin layuka. Abin da Bouman ta fi tasiri a kai ba ya ƙirguwa haka: gasar gwaji ta makanta, da nacewa a kan cewa sai dabara ta nuna za ta iya ƙin ganin zobe kafin a yarda da zoben da ta gani, da tsara yadda za a tantance hoton, wanda ta yi tare da Chael da Akiyama da Michael Johnson da José Gómez da wasu. CHIRP ta yi aikinta ko da ba ta kai ƙarshen tafiyar ba, kamar yadda yawancin dabarun kundin digiri ke yi. Lamarin ya kuma fito da wata matsala ta gaske da ɗalibai ke fuskanta a manyan haɗakar bincike: jerin suna bisa haruffa adalci ne ga kowa, amma ba ya gaya wa kwamitin ɗaukar aiki wanda ya yi me. Shi ya sa maƙalar da ɗalibi ya jagoranta da kansa, irin ta CVPR ko ta Chael ta 2018, da jawabin da ya tsaya ya yi a gaban manyan fanninsa, suke da nauyin da ya wuce girmansu. Bouman ta soma koyarwa a Caltech a 2019, Chael ya kare kundinsa a shekarar ya tafi Princeton. Da aka ba haɗakar kyautar Breakthrough ta dala miliyan 3, an raba ta daidai tsakanin mutum 347, ɗalibi da darakta kowa ya samu kimanin dala 8,600.

Ƙalubale daga waje

Tun da an saki awon da manhajojin ga kowa, waɗanda ba sa cikin haɗakar sun samu damar gwada nasu. Philipp Arras, wanda ya yi aikin yana ɗalibin digirin digirgir a cibiyar Max Planck da ke Garching, shi da abokan aikinsa sun bi wata hanyar lissafi dabam suka sake samun zoben, aka wallafa a 2022. A shekarar ce kuma Makoto Miyoshi na cibiyar nazarin taurari ta ƙasar Japan, tare da Yoshiaki Kato da Junichiro Makino, suka wallafa akasin haka: suka ce zoben ƙage ne da giɓin awon ya haifar, kuma EHT ta taƙaita filin da take dubawa fiye da kima. Haɗakar ta mayar da martani cewa nazarin nasu yana da kurakurai, kuma mafi yawan masana fannin ba su bi bayan Miyoshi ba. Duk da haka tambayar tasa halattacciya ce, ita ce dai tambayar da aka raba ƙungiyoyi huɗu saboda ita, kuma muhawara a kan awo ɗaya ba ta iya kashe ta gaba ɗaya, sai sabon awo.

Sabon awon ya fito a Janairun 2024. Na zagayen kallo na Afrilun 2018 ne, wanda aka ƙara masa na'urar Greenland, abin da ya kawo sababbin layuka ta arewa ya kuma sauya siffar giɓin da Miyoshi ya ɗora wa laifi. An naɗe shi wata biyu kafin kowa a cikin ƙungiyoyin huɗu ya ga zoben farko. Faɗin zoben ya fito daidai da na 2017, kamar yadda ake tsammani idan nauyin ramin ne ke ƙayyade shi, wurin da ya fi haske kuma ya gusa da kimanin digiri 30 a kewayen zoben, gwargwadon abin da lissafin iskar gas mai tafasa a bakin ramin ya nuna zai iya faruwa cikin shekara guda.